Kakakin kamfani a Zariya

Na yi shekaru ina riƙe da ofishin hulɗa da jama'a na wani kamfanin sarrafa hatsi a gefen Zariya. Abokan aikina da yawa sun ɗauka aikin bai wuce rubuta sanarwa da ɗaukar Manaja hoto ba. Ana yin wannan, amma mafi yawan lokacina a zaurukan mutane ya ƙare.

Dalili kuwa, hanyar da magana take bi a Zariya ta danganta da unguwar da kake. A cikin birni tana bi ta bakin mai unguwa da limami, ta hau wurin hakimi, in ta yi nauyi ta isa fada. A Samaru da Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ɗalibi zai sa abu a Facebook kafin ka gama sallama. Sabon Gari kuma sai ka haɗa da shugabannin kasuwa da na coci-coci, kamar yadda za ka yi a Wusasa. Wanda ya aika takarda iri ɗaya duk waɗannan wurare, ya ce ya sanar da jama'a, kansa kawai ya sanar.

Wata damina aka fara yaɗa wani saƙon murya a WhatsApp, wai ruwan da ke fita daga masana'antarmu ya gurɓata rijiyoyin unguwa. Manaja ya ce in fitar da sanarwar ƙaryatawa a ranar. Na ce, "Yallaɓai, mu kanmu ba mu auna ruwan nan ba. A ba ni zuwa jibi." Bayan la'asar na tafi wurin mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ka zaɓi mutanenka, su ɗebo ruwan da hannunsu, mu je tare a auna." Ya zaɓo wani malamin makaranta da ɗaya daga cikin matasan da suka fi kowa zafi a kan maganar, kuma na ji daɗin zaɓen yaron nan ƙwarai. Sakamako ya nuna ruwan lafiya lau. Sai dai a zaman ne aka gaya mini ainihin abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya: tirelolinmu sun fasa kwalbatin bakin titi, ruwan sama yana shiga gidaje. Wannan kam gaskiya ne. Sanarwar da muka kai rediyo ta faɗi duka biyun, har da ranar da za a fara gyara, kuma matashin nan shi ya riƙa yin bayani a madadinmu a majalisarsu.

Mai unguwar ya saurare ni ne don ya saba ganina a ta'aziyya da ɗaurin aure tun babu wata matsala. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan farko ka san sunan kowane mai unguwa da limami da shugaban matasa da ke kewaye da ma'aikatarku, ka kuma je gaisuwa ba tare da wata buƙata ba.

'Yan jarida kuwa, da yawan wakilan manyan kafafe a Kaduna suke zaune, kuma kowa yana da lokacin da edita ke jiran labarinsa. Ka ɗauki waya ko da ba ka da amsa. Ka ce, "Malam, zan bincika in kira ka kafin magariba," kuma ka kira. In ka yi shiru, labarin zai fita, da layin nan na cewa an nemi jin ta bakinka abin ya ci tura. Batun ambulan ɗin kuɗi da ake miƙa wa 'yan jarida ma ba a ɓoye yake ba. Kuɗin motar wanda ka gayyato daga Kaduna abu ne da za a rubuta a takarda kowa ya gani. Kuɗin a danne labari kuwa, ranar da ka fara bayarwa ka zama saniyar tatsa.

Sanarwar Hausa da Hausa nake fara rubuta ta, ba na fassarowa daga Turanci. Garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ba ya rasa masu kunnen gane Hausar da aka yi wa dole. Kafin in kai gidan rediyo sai na karanta wa maigadinmu. Duk inda ya ce "wato me?", sai in sake wurin.

Ga mai son shiga aikin, Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Nijeriya, NIPR, an kafa ta a 1963, kuma dokar 1990 ta ba ta ikon yi wa masu sana'ar rajista, don haka ka yi taka. In ana ɗaukar ka aiki, ka nemi a rubuta cewa za ka riƙa zama a taron shugabannin sassa. A irin wannan zaman na ji za a canza wa tireloli hanya su bi ta gaban wata Islamiyya, na roƙi a ɗaga lokacin fitarsu zuwa bayan an tashi yara, aka amince kafin mota ko ɗaya ta bi ta wurin.