Triumph TR6 Trophy, babur na kwalta da jeji

An ƙera Triumph TR6 Trophy a masana'antar Meriden da ke Ingila daga 1956 zuwa 1973, domin ya yi gudu a kwalta ya kuma ratsa jeji, shi ya sa 'yan tseren hamadar Kalifoniya suka rungume shi. Na samu damar hawa wanda wani dattijo ya adana, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne giyarsa huɗu a ƙafar dama suke, birkin baya kuwa a hagu. Injinsa mai silinda biyu ne, cc 649, da kafireto ɗaya tak, kuma ba ya tashi sai an taka kik da nauyin jiki duka. Girgizarsa tana kashe tafin hannu, amma a ganina yadda yake ja cikin yashi ya biya wahalar.