Ranar da kan amfilifayata ya kusa kaiwa ƙasa a wajen dina

Asabar ɗin da ta wuce muka je aiki wajen wani dina a Nasarawa, ni ke riƙe da jitar bes kamar kullum. Ana tsakiyar shigowar amarya, ƙawaye sun jeru ana ta liƙi, na ɗan waiga baya kawai sai naga kan amfilifayata, wato ɗan injin ƙara sautin da ake ɗorawa a saman akwatin sifika, ya taho har bakin akwatin, ƙafa ɗaya ma tana lilo a iska. Wallahi da gwiwa na tare shi, hannuna na kan tsirkiya ban daina kiɗa ba, mai fiyano yana kallona yana ta dariya, shi ba kuɗinsa bane ai.

Kan nawa Markbass ne, Little Mark, ko kilo 3 bai cika ba, kuma saboda rashin nauyin nan na saye shi tun farko, in jefa shi a jaka in hau adaidaita sahu ba sai na nemi yaran da zasu kama min ba. Irin na da kamar Ampeg SVT da ya fito a 1969 ya haura kilo 35, wannan in ka ɗora shi ya zauna kenan sai an tashi. To shi ƙaramin matsalarsa daga nan take. Tsirkiyar da tafi kauri a bes mai 4 tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa ɗaya, in mai 5 ce ta ƙasan sau 31, akwatin nawa kuma sifika 4 ne masu inci 10, gaba ɗaya katakon rawa yake, kan yana ɗan tsallen da ido baya gani, duk tsalle ɗaya kuma nauyin wayar sifika da ta wuta suna jansa gefe guda kaɗan kaɗan har ya iso gaɓa. Ga ƙurar hunturu da take kwanciya a ƙafafun robar nan su koma santsi kamar an barbaɗa musu hoda.

Oganmu cewa yayi in ɗora masa bulo a kai. Nace haba Oga, ka rufa min asiri, abin nan fanka gareshi a ciki yana buƙatar iska, kuma bulon ma zamewa zai yi ya sauka a ƙafar ɗan mutane. Tawul na gwada na ninka a ƙasa, ya ƙara lalacewa. Wannan abin mannewar na takalmin yara mai cewa ɓarrr yana riƙewa sosai, amma gam ɗinsa baya jure zafin Kano, yana narkewa ya bar maka dauɗa a jikin kaya, ni ban so ba.

Abin da ya min aiki a ƙarshe wajen mai facin layinmu na samo shi. Nace Baba a taimaka min da tsohon tub na mota, ya ɗauko wani a ƙarƙashin benci yace ɗauka kawai ɗana. Na yanka shi da almakashi daidai faɗin kan, na wanke da omo ya bushe, na shimfiɗa falle 2 saboda mariƙin da ke saman akwatin yafi ƙafafun tsayi, dama can cikin amfilifayar a kan mariƙin yake zaune, ƙafafun basa taɓa katako sosai, ban taɓa lura ba sai da na durƙusa na haska da tocilar waya. Irin robar da direbobi ke sawa a gaban mota don kar waya ta zame ita ma tana yi, in ka leƙa Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari.

Wayoyin kuma yanzu ina zagaya su ta mariƙin gefe kafin su sauka ƙasa, ko wani ya taka da takalmi akwatin zai ja ba kan ba. Kafin a fara ina goge ƙafafun da jiƙaƙƙen tsumma. Jiya a wajen gwaji na zana layi da alli a gefen kan, muka yi awa 2 muna duka, bai tsallake layin ba. Tub ɗin dai yana ɗan warin taya in ya ɗau zafi, mai ganga har ya fara ƙorafi.