Shirun layin umarni, da kayan da ke nuna inda fayil ya kai

Wani dare cikin damina na zauna ina kwaso ajiyar bayanai mai nauyin gigabayit 6 daga wata uwar garke zuwa kwamfutata. An ɗauke wuta tun magariba, batir kuma ya fara ja da baya. Umarnin da na rubuta ya haɗa ssh (manhajar shiga wata kwamfuta daga nesa) da tar (mai ƙulle fayiloli cikin ƙunshi ɗaya), kuma tun da na danna shi allon bai sake cewa uffan ba, sai ɗan tsinken rubutu yana ƙyaftawa a wuri guda. Bayan kusan minti hamsin haƙurina ya ƙare, na ɗauka layin intanet ya tsinke, na danna Ctrl+C na katse aikin. Da na duba girman abin da ya sauka, sai na ga saura ƙiris ya kammala, kuma tun da tar ba ta san ci gaba daga inda aka tsaya ba, datar da na ƙona ta tafi a banza.

Ba laifin manhajar ba ne. Tun zamanin da aka gina Unix, tsarin sarrafa kwamfutar da Linux ya kwaikwaya, a Bell Labs na Amurka, al'adar ita ce umarni ya yi aikinsa shiru, kada ya yi magana sai in an samu matsala, domin sau da yawa abin da ya fitar wani umarnin ne zai karɓa, ba mutum ba. Tsari ne mai kyau ga na'ura. Amma wanda yake lissafin data da batir yana buƙatar sanin abu guda kafin ya yanke shawara: ya jira ne, ko ya katse?

Abin da ya fara raba ni da wannan zullumi shi ne pv, ƙaramar manhajar da Andrew Wood ya fitar a 2002. Aikinta kawai ta zauna a tsakiyar bututun da ya haɗa umarni biyu (alamar | da ke miƙa abin da na farko ya fitar ga na biyu), ta bar bayanai su wuce ba tare da ta taɓa su ba, tana ƙirga su. Da a ce a wancan daren na rubuta ssh sabar "tar cf - ajiya" | pv -s 6G > ajiya.tar (inda "sabar" yake sunan uwar garken), da na ga layi guda yana sabunta kansa duk daƙiƙa: nawa ya wuce, minti nawa aka yi, saurin da ake tafiya a kai, da kiyasin lokacin da ya rage. Wannan -s ɗin, mai faɗa wa pv girman bayanan, yana da muhimmanci, domin idan bayanai daga bututu suke zuwa, pv ba ta da hanyar sanin girmansu sai an faɗa mata, kuma in ba a faɗa ba alamar sai ta riƙa kai da komo kawai, babu kashi cikin ɗari. Tana kuma iya taka wa saurin birki da -L, abin da nake yawan amfani da shi idan muna raba layin intanet ɗaya da mutanen gida, don kada in shanye shi ni kaɗai a fara ƙorafi daga falo.

Idan fayiloli ne da yawa, kuma layin ba abin dogaro ba ne, rsync, manhajar kwafar fayiloli tsakanin kwamfutoci, ta fi dacewa. Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fitar da ita a 1996, kuma harafin -P a cikinta yana yin aiki biyu: yana nuna ci gaba, yana kuma adana guntun fayil ɗin da bai gama sauka ba don a ɗora daga nan. Illarsa ita ce fayil-fayil yake nunawa, don haka idan hotuna dubu biyar ake kwasa, sai sunaye su riƙa gudu a allo ba tare da mutum ya san inda aikin gaba ɗaya ya tsaya ba. An magance wannan a sigar 3.1.0 ta 2013 da --info=progress2. Sai dai wani lokaci za ka ga kason ya kai 60 sannan ya dawo 40, kuma ba kuskure ba ne: rsync tana fara aikawa tun kafin ta gama lissafa fayilolin, to duk sanda ta gano ƙari sai jimillar ta ƙaru. Ƙara --no-inc-recursive yana sa ta gama ƙidayar tukuna. Su kuwa curl da wget, manhajojin sauke fayil daga intanet, tun asali suna nuna ci gaba, abin tunawa kawai shi ne -C - ga ta farko da -c ga ta biyu, don ɗorawa bayan tsinkewa.

Inda na fi jan kunnen abokan aiki shi ne dd, manhajar da ake rubuta bayanai kai tsaye a kan faifai ko filash da ita. Har zuwa sigar 8.24 ta coreutils (tarin manhajojin da dd ke ciki) ta 2015, lokacin da aka ƙara status=progress, sai dai mutum ya buɗe wata taga ya aika mata siginar USR1 kafin ta faɗi inda ta kai. Yanzu tana faɗa, amma lambar tana iya ruɗar mutum. Idan kana rubuta fayil ɗin girka Linux a kan filash, za ka iya ganin sauri mai ban mamaki, alhali bayanan suna taruwa ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba su isa filash ɗin ba tukuna. Wanda ya zare shi a lokacin ya lalata aikin. Shi ya sa nake ƙara oflag=direct don bayanan su tafi filash ɗin kai tsaye, ko kuma in buga sync, mai tura abin da ya taru zuwa filash ɗin, in jira ta dawo.

Akwai kuma ruɗanin ma'auni. Kamfanonin sadarwa da bit suke talla, pv da rsync kuwa da bayit suke ƙirga, kuma bit 8 ne ke yin bayit 1. Layin da aka sayar maka a matsayin megabit 20 ba zai wuce megabayit 2.5 a daƙiƙa ba ko da yana kan ganiyarsa. Na taɓa kiran wani kamfani da faɗa a kan wannan, ashe lissafina ne ya karkace.

Idan saurin ya faɗi da gaske, sai in koma kallon layin kansa. Manhajar iftop tana jera adireshin da kwamfuta ke magana da su, da matsakaicin sauri na daƙiƙa 2, 10 da 40, kuma ita ma da bit take nunawa sai an ƙara -B. Ita kuwa nethogs manhaja-manhaja take lissafawa, kuma ita ce ta taɓa tona mini asirin wani sabuntawa da ke sauka a ɓoye yana cinye rabin layin. Don sanin abin da aka ci a wata, vnstat nake duba, wadda ke karanta ƙidayar da tsarin kwamfutar ke yi da kansa ta adana ta awa-awa da kwana-kwana, sai vnstat -m ta fitar da jimillar kowane wata. Daga ranar da aka girka ta take fara lissafi, don haka yanzu tana cikin abubuwan farko da nake sakawa a duk sabuwar kwamfuta, tare da pv.