Abin da ke kwantawa a gindin kwalba

Ɗalibin da ke karatun furotin yakan mai da hankali ga abin da ke cikin ƙwayar halitta, amma aikin ɗakin gwaji a nan Sakkwato ya nuna mini cewa wajen ƙwayar ma akwai ilimi mai yawa. Tsakanin ƙwayoyin jiki akwai wata saƙa ta furotin, irin su kolajin da elastin da laminin, wadda ke riƙe nama, kuma take da hannu a inda ƙwaya za ta zauna da lokacin da za ta rabu biyu. Kolajin kaɗai ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin jiki, kuma shi ne bagaruwar majemanmu ke kamawa a fatar jar akuya har ta daina ruɓewa.

Wahalar saƙar nan ita ce ba ta narkewa. Idan aka niƙa nama aka juya shi da ƙarfi a injin da ke raba ruwa da ɗigo, an saba a kwashi ruwan sama a auna, a zubar da abin da ya kwanta a gindin kwalba, alhali mafi yawan saƙar tana can ƙasa. Sai an jiƙa ta da yuriya mai ƙarfi, wato sinadarin da ke warware furotin, an daddatsa ta da tirifsin, wato sinadarin da ke yanka furotin gutsu-gutsu, kafin na'ura ta iya karanta ta.

Haka aka raina 'yan jakunkunan da ƙwayoyi ke fitarwa. Da aka gan su a 1983 a jajayen ƙwayoyin jini da ba su gama girma ba, an ɗauke su hanyar zubar da shara. Wata mai bincike, Rose Johnstone, ta sa musu suna ekzosom a 1987, kuma sai a 2007 masu bincike a Suwidin suka nuna cewa suna ɗaukar RNA, wato sinadarin da ke ɗauke da saƙon ƙwayar halitta, daga wata ƙwaya zuwa wata. Girmansu nanomita 30 zuwa 150 ne (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya). Wajen tace su daga jini, albumin, wani furotin na jini, da ƙwayoyin kitsen jini sukan biyo su, kuma ba na yarda da samfuri sai an ga alamu irin su CD63 da CD81, wato furotin da ke jikin jakunkunan.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri. Jinin da ya daɗe a kan tebur, musamman a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ƙwayoyinsa kan ci gaba da fitar da sababbin jakunkuna a cikin kwalba, sai mai bincike ya auna abin da babu shi a jikin majinyaci. Shi ya sa nake rubuta lokacin ɗibar jini da lokacin juya shi a jikin kowace kwalba.