Abin da rajista ba ta faɗa

Aikin tattara bayanan lafiya a unguwannin Kaduna ya sa na daina saurin yarda da adadi, har sai na san wa aka tambaya, kuma ta yaya.

Ɗauki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59, wata-wata, kowane zagaye kwana uku. Ranar farko masu rabo ne ke tsayawa yaro ya shanye a gabansu, su yi alama a takarda. Ƙwayoyin amodiaquine biyu da suka rage kuwa hannun uwa ake barinsu, na gobe da na jibi. A rajista dai an gama, yaro ya samu kariya.

To, ki shiga gida a Rigasa bayan kwana huɗu ki ce, "Hajiya, kin ba shi sauran?" Amsar ɗaya ce: "Na ba shi." Ba ƙarya take nufi ba, kunya ce da girmama baƙo. Amma ki gaisa sosai, ki sha ruwan da aka kawo, sannan ki ce, "Don Allah ko zan ga kwalin?" Sai a ɗaga katifa ko a buɗe kwanon da ke saman kabad. Wani kwalin fayau. Wani da ƙwaya ɗaya a ciki, don yaron ya amayar da ta jiya, uwar ta tsorata. Wata kuma ta adana ne sai ranar da jikinsa ya yi zafi, domin a ganinta mai lafiya ba ya shan magani. Wannan tunanin yana da hujjarsa, kuma fam ɗin da ke neman e ko a'a ba zai taɓa kama shi ba. (Namiji ma iyakarsa zaure a gidaje da yawa, shi ya sa tawagar da ba mata rabin labari take kawowa.)

Haka abin yake da cutar ƙanjamau. Ƙiyasin baya na yawan masu ɗauke da ita a Najeriya ya dogara sosai da gwajin masu zuwa awon ciki. Da aka bi gida-gida da gwaji a babban binciken 2018, sai ya fito kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49, rabin 2.8 da ake ambata. Yawancin bambancin daga ingancin ƙirga ya zo.

Najeriya na ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, alhali mai zazzaɓi a Tudun Wada ko Kawo sau da yawa kemis yake fara zuwa, ya sayi magani ba gwaji, sunansa bai shiga littafin kowa ba. Don haka duk fam ɗin da aka ba ni in duba, tambayar da nake nacewa a sa ita ce: "Ina kuka fara kai shi?"