Abin da takardun wani sojan Burma suka koya mini

Duk ɗalibin tarihi da zai yi aiki a kan mutanenmu da suka je yaƙin Burma, shawarata ita ce ya fara neman lambar soja kafin suna. Turawa kan rubuta mutum da sunansa da na garinsu kawai, Audu Kano, Garba Haɗeja, ko da ƙauyensu tafiyar yini ne daga garin. Masu suna ɗaya ba sa ƙirguwa. Lambar nan mai farawa da NA ita ke rarrabe su.

Na koyi haka ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim, lokacin aikina na kammala digiri. 'Yar wani sojan Burma, tsohuwa ce da ta haura tamanin, ta fito da takardu daga ƙasan adaka, a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Akwai wasiƙa da ajami, yana gaida iyayensa, yana tambayar yadda damina ta yi. Sai takardu biyu na boko da suka biyo ta hannun hakimi zuwa dagaci. Ta farko ta ce ya ɓace a 1944, shekarar da Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ke fafatawa da Japanawa a kwarin Kaladan. Ta biyu, bayan Japan ta miƙa wuya a 1945, ta ce ya rasu yana tsare a hannunsu.

Tsakanin takardun nan biyu ne babban darasin yake. A fiƙihun Malikiyya, matar wanda aka kama a yaƙi tana nan da igiyar aurensa muddin ana ciyar da ita daga dukiyarsa, har sai mutuwarsa ta tabbata ko shekarunsa sun kai saba'in. Ba a raba gadonsa. Don haka mahaifiyarta ta zauna, ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba, gonarsa kuma ƙannensa na nomawa ba wanda ya isa ya ce tasa ce.

"Ɗan nan," in ji tsohuwar, "ranar da aka karanta ta biyun nan, ranar innata ta shiga takaba. Da ta fita aka raba gona."

Abin da mu muke kira madogarar bincike, a gidan nan shi ne hujjar da alƙali ya karɓa. Shi ya sa ba na goyon bayan a kwashe irin waɗannan takardu a kai ma'adana a Kano ko Kaduna. A ɗauki hoto, a bar wa masu abu abinsu. Kada kuma a manne su da leda, zafin injin yana lalata tsohuwar takarda.

Da lambar muka samo sunansa a intanet, cikin kusan mutum 27,000 da aka rubuta a dutsen tunawa na Rangun, a maƙabartar Taukkyan da ke Burma, waɗanda ba a san kabarinsu ba.

Yanzu in na shiga irin wannan gida, matan nake fara nema. Ba na tambayar shekara, don ba da ita suke lissafi ba. Nakan tambayi yaushe aka yi takaba, da rani ne ko da kaka, wa ke dagaci, wa aka haifa a lokacin. Daga nan sai in gwada amsar da kwanan watan da ke jikin takarda.