Asabar a Monodendri

Yau dai Allah ya yi, na je Monodendri ɗin nan da abokin aikina ya dame ni da zancensa. Ƙauyen kakarsa ne, can arewa maso yammacin Girka a yankin Zagori, ba nisa da iyakar Albaniya. Da sassafe muka bar Yanina, babban birnin da ke kusa, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba amma fa hawa ce zalla, kwana kan kwana har kunnuwana suka toshe, don garin ya haura mita 1,000 a kan tsauni.

Komai na garin nan dutse ne wallahi. Bango dutse, lungu dutse, hatta rufi babu kwano, falalen dutse ne masu launin toka aka jera wani kan wani, in ka hango daga nesa ba ka raba gida da tsauni. A dandali akwai wata ƙatuwar bishiya, tsofaffi uku na zaune a gindinta suna kurɓar gahawa, ɗaya na ta kaɗa wani abu kamar carbi, komboloi sunansa, ba na addu'a ba ne, na ɗebe kewa ne kawai.

Kakar tasa kuwa, su "yaya" suke ce wa kaka, nan take bakina ya kama. Ta gasa mana alevropita, ƙullun fulawa ne ruwa-ruwa a zuba a faranti mai zafi a marmasa cukun feta a kai da man shanu, gefen ya yi ƙurus. Ina ci tana ƙara min tana cewa "pedi mu", wato ɗana.

Da yamma muka taka zuwa tsohon gidan ibadar Agiya Paraskebi, ya kai shekara 600, yana maƙale a bakin kwazazzabon Bikos. Na leƙa ƙasa sai da ƙafata ta yi sanyi, na ce subhanallahi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wuni guda ban ji hayaniyar yaran gari ba, sai ƙararrawar awaki da motocin 'yan yawon buɗe ido. Gidaje da yawa a kulle, wasu an mai da su masaukin baƙi, ga UNESCO ta sa Zagori cikin kayan tarihin duniya a 2023, amma masu kwana a garin lokacin sanyi 'yan kaɗan ne. Yaya ta ce tun zamanin Turkawa haka mazansu ke fita fatauci har Istanbul da Rasha suna aiko kuɗi a gina makaranta da gada, sai dai a da ana barin mata da yara a gida.

Da za mu tafi ta ƙunsa min sauran a takarda, ta riƙe hannun jikanta tana tambayarsa yaushe zai dawo. Ya ce sai Ista.